Da a Ce Sun Harbi Jirgin Koga

Mai karatu, ɗanka ya taɓa jefo maka tambayar da ta hana ka barci? Autana ya yi mini haka bayan na ba shi wani labari na Yaƙin Duniya na Biyu. Bari kai ma in ba ka.

Ranar 4 ga Yunin 1942, wani matuƙi ɗan Japan mai shekara 19, Tadayoshi Koga, ya tashi da jirginsa samfurin Zero daga kan Ryujo, jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi, ya kai hari Dutch Harbor a Alaska. Harsashi ya huda masa bututun baƙin mai. Ya hangi fili mai ciyawa a tsibirin Akutan ya sauka, ashe fadama ce. Jirgin ya kife, wuyansa ya karye.

Abokan tashinsa biyu suna da umarnin lalata duk Zero da ya faɗi a ƙasar abokan gaba. Suka yi shawagi a kansa, amma suka kasa harbi, don suna zaton yana da sauran numfashi. Bayan wata guda Amurkawa suka tsinci jirgin, suka gyara, suka tashe shi a San Diego cikin Satumba. Nan suka gano lagonsa: in gudu ya yi yawa juyawa na yi masa wuya, in kuma ya yi ƙasa da kai farat ɗaya injin na ɗaukewa.

Auta ya ce, "Baba, da sun harba, da Japan ta ci yaƙin?"

Na ce a'a. Hellcat, jirgin Amurka da ya zame wa Zero ƙarfen ƙafa, ya fara tashi ranar 26 ga Yuni, tun ba a tsinci na Koga ba, kuma an ƙera fiye da 12,000. Ga shi a makon da Koga ya faɗi Japan ta yi asarar jiragen dako huɗu a Midway. A ganina, da sun harba, da wasu matuƙan Amurka sun rasa rayukansu kafin a gane lagon Zero, amma ƙarshen yaƙin ɗaya ne.

Ya yi shiru, can ya ce, "To da kai ne a sama, ni ne a ƙasa, za ka harba?"

Na ce ya tashi ya kwanta, dare ya yi. Shi ya yi barcinsa, ni kuwa har aka kira assalatu idona biyu. Na san umarni umarni ne, na kuma san yatsana ba zai danna ba.

Kai fa, mai karatu, me za ka ce masa?