Daƙiƙa 99 da Tikitin Jirgi: Lissafin Jasmin Paris

A ranar 22 ga Maris, 2024, wata likitar dabbobi mai shekara 40 ta taɓa wata ƙofar ƙarfe mai ruwan ɗorawa a gandun dajin Frozen Head da ke jihar Tennessee ta Amurka, sannan ta zube ƙasa. Sunanta Jasmin Paris, mazauniyar Sukotland, uwar 'ya'ya biyu. Ta shafe awa 59 da minti 58 da daƙiƙa 21 tana hawa da gangara cikin ƙaya da duhu. Da ta ƙara daƙiƙa 99, da wahalarta ta tashi a banza, domin awa 60 cif ake bayarwa. Ita ce mace ta farko da ta kammala gasar Barkley tun da aka fara ta a 1986.

Duk tseren da ya zarce kilomita 42.195, wato tsawon gudun fanfalaki da aka sani, shi ake kira tsere mai dogon zango. Barkley kuwa ta fita daban ko a cikin irinsa. Zagaye biyar ake yi, kowanne wajen kilomita 32, babu alama a hanya, kuma an hana na'urar nuna hanya. Taswira da kamfas kawai ɗan tsere ke riƙewa. An ɓoye littattafai a cikin dajin, kowa sai ya yago shafin da ya yi daidai da lambarsa don ya tabbatar ya bi ta wurin. Daga 1986 zuwa 2024, mutum 20 kacal suka taɓa kammalawa.

Shirin irin wannan gasa ba a filin gasar ake yinsa ba. Paris ta saba tashi tun da asuba, ta yi atisaye a tsaunukan da ke kusa da gidanta kafin yara su farka, kafin ta wuce aiki. Abin da jiki ke koya a waɗannan safiyoyi shi ne tattali. Sukarin da tsoka da hanta ke ajiyewa yakan ƙare cikin kimanin awa biyu na gudu mai ƙarfi, don haka dole mai dogon zango ya sassauta taku, ya saba wa cikinsa karɓar abinci yana tafe, ya riƙa sha kafin ƙishirwa ta galabaitar da shi. Sai ya horar da cinyoyinsa a kan gangara, domin saukowa ta fi hawa lalata tsoka. Sannan ga rashin barci, wanda kan sa ido ya fara ganin abin da babu. Paris ta ɗanɗani wannan a 2019, lokacin da ta lashe gasar Spine ta Birtaniya, mai kilomita 431, cikin awa 83, a tsakiyar hunturu. Ta riga maza da mata isa, ta karya tarihin gasar da kimanin awa 12, alhali tana tsayawa a zango-zango tana tatsar nono saboda 'yarta ba ta kai yaye ba.

Duk wannan shiri bai ci wa duniya komai ba face takalma da abinci. Inda lissafin ke nauyi shi ne ranar tafiya. Jirgin sama daga Birtaniya zuwa Amurka da dawowa yana fitar da hayaƙin kabon da ya kai kusan tan ɗaya a kan kowane fasinja, wani lokaci fiye. Matsakaicin ɗan Najeriya bai fitar da tan ɗaya a shekara guda, na Nijar kuwa ko kusa bai yi ba. Ke nan zama ɗaya a kujerar jirgi don tseren kwana uku na iya zarce abin da manomin Sahel ke fitarwa a shekara, shi da sauyin damina ya fi taɓawa.

Paris ta san wannan lissafi sarai. Tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Green Runners a 2022, tare da Damian Hall da wasu 'yan tsere. Ƙungiyar na neman kowane mamba ya duba abu huɗu: yadda yake tafiya zuwa gasa, kayan da yake saya, abincin da yake ci, da yadda yake jan hankalin wasu. Amma ita ɗin ce ta tsallaka tekun Atlantika sau uku, a 2022 da 2023 da 2024, kafin Barkley ta ba ta hanya. Babu jirgin ƙasa daga Edinbara zuwa Tennessee. Wanda ya ce akwai tufka da warwara a nan bai yi ƙarya ba.

Wasu sun zaɓi haƙura gaba ɗaya. A farkon 2023, Innes FitzGerald, 'yar Ingila mai shekara 16, ta nemi a cire sunanta daga gasar duniya ta tseren ƙetare daji a Ostareliya saboda hayaƙin jirgin da zai kai ta. Makonni kafin nan ta je gasar Turai a birnin Turin na Italiya ta bas da jirgin ƙasa da keke, ta zo ta huɗu. A watan Agustan 2024 kuma, Kilian Jornet, ɗan Sifaniya, ya hau ƙololuwa 82 na tsaunukan Alps da suka haura mita 4,000 cikin kwana 19, yana haɗa tsakaninsu da ƙafa da keke, ba tare da inji ba. Sai dai su biyun suna zaune ne a nahiyar da layin dogo ya ratsa ko'ina. Ɗan tseren Legas ko Akara da ke son zuwa Comrades, gasar Afirka ta Kudu mai kusan kilomita 90 tsakanin Durban da Pietermaritzburg wadda ake yi tun 1921, ba shi da wannan zaɓi.

Abin da ya rage wa irin wannan mutum shi ne darasin da atisaye ya riga ya koya masa. Wanda ya ƙona ƙarfinsa a zagayen farko ba ya ganin na biyar. Haka tafiya take: ya gina shekararsa a kan tsaunin bayan gari da gasannin da mota ko jirgin ƙasa ke kaiwa, ya ci moriyar takalminsa har ya ƙare, ya ajiye doguwar tafiya don gasa ɗaya da ya tabbata ya shirya mata. Wannan bai goge tan ɗin da jirgi ya fitar ba, amma yana rage yawan tikitin, kuma yana tilasta wa mutum ya tambayi kansa kafin ya biya kuɗi ko wannan gasa ta cancanci abin da za ta ci. Paris ta amsa da e sau uku a kan Barkley, kuma sau biyu ta koma gida ba tare da ta kammala ba.