Zane Yana Son Shiru

'Yan'uwana mata, akwai wata magana da a ke yi a gidajenmu wadda na ke so mu duba yau. Idan aka ga yarinya ta keɓe a gindin itace da takarda da fensir, sai a ce ko girman kai gare ta, ko kuwa iska ta shafe ta. Ni malamar makaranta ce, ina kuwa yin zane, saboda haka na san wannan zargi, ban kuma yarda da shi ba.

Zane ba ya yiwuwa cikin hayaniya, domin sai ido ya ƙoshi kafin hannu ya yi aiki. Ku dubi gonar rake a fadamun Makarfi. Mai wucewa zai ce kore ce, shi ke nan. Amma wadda ta zauna sa'a guda ba ta ce uffan ba, za ta ga sabon ganye tsanwa ne shar, tsohon ya yi duhu, na ƙasa ya bushe ya koma ruwan ƙasa. In hunturu ya shigo, hazo ya sauka, duk sai su dusashe kamar an barbaɗa musu toka. Hayaƙin masu dafa mazarƙwaila ma, launinsa da safe dabam, da la'asar dabam. Wa zai ga wannan ana zuba masa hira?

Ran Asabar na kan fita bayan gari da sassafe tare da ƙanena, shi ya zauna nesa kaɗan. Sau da yawa na kan komo ban ja layi ko ɗaya ba. Sai bayan kwana uku, ina cikin tuƙa tuwo, abin ya taso mini a zuci, in ƙosa in sauke tukunya.

Kada kuwa wata ta ce wannan aikin Turawa ne. Iyayenmu a Ikara da Kudan sun daɗe suna shafe ɗakin amarya da farar ƙasa, su yi daɓe da makuba, su tsara jere, kowane kwano da mazauninsa. Wannan duk aikin ido ne, sai dai ba a ba shi suna ba. Ladi Kwali ma a gida ta koyi ginin tukwane, kafin ta shiga makarantar tukwane ta Abuja, watau Suleja ta yanzu, a 1954. Ƙadangare da kunama da kifin da ta saba gani su ta riƙa zanawa a jikin randa, ga shi hotonta na bayan takardar naira 20. A kwalejin Zariya kuwa, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, mace ce haifaffiyar Kano, Clara Ugbodaga-Ngu, ta koyar da zane tun daga 1955. Ɗaliban wurin, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, sun kafa ƙungiya a 1958 don su haɗa dabarun Turai da gadon gida.

Na san malamanmu sun yi magana a kan zana abu mai rai, ni kuwa ba zan yi jayayya da su ba. Itatuwa da furanni da gajimare da dagin da ke jikin soraye sun ishi mutum aiki har ya tsufa.

Roƙona ga uwaye ƙarami ne. Idan yarinya ta gama wanke-wanke ta share tsakar gida, a bar mata rabin sa'a bayan la'asar, kada a aike ta, kada a tambaye ta me ta ke tunani. Ku kuma 'yan makaranta, rashin fenti ba hujja ba ne. Gawayin murhu da bayan tsohuwar kalanda sun isa. Ku fara da itacen kuka lokacin da ganyensa ya kaɗe, domin rassansa duk suna fili, ana iya ƙirga su.