Ma'ajiyar Kekuna ta Tashar Utrecht

Yayyafi ake yi mai sanyi, irin wanda kan wuni bai ɗauke ba, amma kekuna sai kwarara suke yi cikin ma'ajiyar da ke gindin tashar jirgin ƙasa ta Utrecht, a ƙasar Holan. A 2019 aka kammala ginin. Hawa uku ne, yana cin keke 12,500. Ba a sauka a bakin ƙofa, a kan keke ake shiga, allunan lantarki na nuna layin da ke da gurbi. Awa 24 na farko kyauta ne, daga nan sai Yuro ɗaya da ɗoriya a kullum.

Da safe wurin ba masaka tsinke. Ma'aikata da ɗalibai, wasu da rigar ruwa, wasu da jakar ofis, kowa ya kulle kekensa ya nufi jirgi.

Na bi layukan a hankali ina duba abin da mutanen nan suka zaɓa su hau. Kekunan tsere ƙalilan ne. Akasari baƙaƙe ne masu nauyi, tamkar Raleigh ɗin da iyayenmu suka hau. Sarƙa a rufe take ruf cikin gidanta, ruwa da yashi ba sa taɓa ta, ita ma ba ta ɓata wando. Madigadi gaba da baya, kariya mai ƙarfi, fitila a kafe. Da yawa da feda ake taka musu birki, giyar kuma tana ɓoye a cikin cibiyar ƙafar baya. Wasu fenti ya kwaile, an rufe sirdin da leda, amma lafiya lau suke tafiya. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai.

A cikin ginin akwai shagon gyara. Na tambayi makanikin wace taya ta dace da mai zuwa aiki rani da damina. Ya ɗauko wata mai faɗi, ya nuna mini kaurin robar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin zanenta don tare kwalba da ƙusa. Ya ce siririyar taya ta fi gudu, amma mai faɗin ta fi kama jiƙaƙƙen titi. A gefenta akwai farin zare mai ƙyalli idan fitilar mota ta haska. Irin ta Schwalbe Marathon takan kai Yuro 30 zuwa 50, kuma a cewarsa ta fi arha a kan yawan faci da makara a wurin aiki.

Kafin mafita akwai jerin kekunan haya masu launin shuɗi da rawaya, na kamfanin jirgin ƙasa, su ma masu madigadi da rufaffiyar sarƙa.

Mai shirin sayen keken zuwa aiki, ya fara duba taya da madigadi da fitila tukuna, kafin ya tambayi yawan giya.