Kwana Huɗu a Kan Hanyar Inka

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Na daɗe ina karanta labarin daular Inka ta ƙasar Peru, can Kudancin Amurka, amma sai da ƙafata ta taka hanyarsu na san abin da littafi bai gaya mini ba.

Mun sauka a Kusko, tsohon babban birninsu, wanda ke bisa tudu wajen mita 3,400 sama da teku. Iskar wurin ba ta ƙosar da baƙo. Tun daren farko kaina ya kama sara, har masu masauki suka dafa mini shayin ganyen koka. Da na warware na zaga gari, na ga katangun da aka jera duwatsunsu ba laka ba siminti, ko tsinin wuƙa ba ya shiga tsakaninsu. Girgizar ƙasa ta 1950 ta rusa sashen cocin da Sifaniyawa suka ɗora a kan ɗakin bautar rana, amma ginin Inka na ƙarƙashinsa bai gusa ba.

Daga nan muka kama hanyar ƙafa zuwa Machu Picchu, tafiyar kwana huɗu, wajen kilomita 43. Mutum 500 kaɗai hukuma ke bari su shiga kullum, fiye da rabinsu kuwa 'yan dako ne da kukuku da 'yan jagora. Ni dai don ƙyashin ƙarin kuɗi na ƙi ba kowa jakata.

Rana ta biyu muka tasam ma wata mashiga tsakanin duwatsu, mita 4,200 da 'yan kai. Tun ba mu kai ba gwiwata ta mutu, na zube a kan dutse ina haki, ina tunanin juyawa. Sai ga wani dattijo ɗan dako, da takalmin tsohuwar taya, kayan bayansa sun ninka nawa. Shi Kechuwa yake ji, harshen Inka. Ni ko kalma ɗaya ban sani ba. Ya ɗora jakata a kan kayansa, ya nuna mini in riƙa gajarta taki. Lalle sannu ba ta hana zuwa.

Da safiyar rana ta huɗu muka tsaya a Ƙofar Rana, ga birnin nan shimfiɗe a ƙasanmu. An gina shi wajen 1450, zamanin Sarki Pachakuti, ba ƙarfe ba keken ɗaukar kaya. Kowane baƙo ya san sunan Hiram Bingham, Ba'amurken da ya bayyana shi ga duniya a 1911. Waɗanda suka ɗauko duwatsun kuwa, babu wanda ya san sunansu.

Na waiwaya in yi wa dattijon nan godiya, aka ce ai 'yan dako tun da asuba suka gangara su kama jirgin ƙasa. Nan kunya ta rufe ni, domin ni ma ban tambayi sunansa ba.

Ya kai mai karatu, in Allah ya kai ka can, kafin ka yaba dutse, fara tambayar sunan wanda ya ɗauki kayanka.