Ƙanwata da ƙawarta

Mu maza muna da wani zato game da ƴan mata: da zarar ɗiya mace ta iya ɗaurin kallabi, sai mu ɗauka ba ta da sauran tunani sai na miji. Abin da na gani a gidanmu cikin shekaru goma sha biyun nan bai yi kama da haka ba, shi ya sa na kawo shi gaban masu karatu.

Ƙanwata ta tashi da ƙawa guda a ƙauyenmu, arewa da Tasawa. Ƙawance ne irin na da, wanda iyaye suka sani: ana musayar tuwo ranar salla, kuma kowace ta san ita ce za ta zauna gefen ƴar'uwarta ranar da aka sa ta a lalle. Tare suka yi tallar ƙuliƙuli, tare aka rubuta su lakwal. Da suka ƙare aji shida, ƙanwata ta wuce kolej a Maraɗi, ta zauna gidan gwaggonmu. Ƙawar kuwa aka ɗaura mata aure tana da shekara 15, ba wanda ya ga abin mamaki. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa cikin matan Nijar ɗari, 76 an aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma jihar Maraɗi ta zarce haka. A ƙauyenmu ƙanwata ce ta bar hanya, ba ƙawarta ba.

A birni sai ta zama mutum uku. A gida laƙabi ake kiranta da shi, domin sunanta na yanka sunan mahaifiyar babanmu ne, ba mai iya kama shi. A lakwal mushe yana kiran sunan ɓaro-ɓaro, haɗe da na babanmu, da lafazin Faransanci. In ta koma ƙauye hutu, sunanta “ƴar lakwal”, kuma mai faɗin haka ba yabo yake nufi ba. Abin da kunya ta hana ta faɗa da Hausa tana iya rubuta shi da Faransanci, amma wadda take so ta gaya wa ba ta jin Faransanci.

Ta nemi kanta cikin littattafai. Ita ta koya wa kanta karatun Hausa, tun da ba a koya mana shi a aji ba, don ta karanta littattafan soyayya na Kano da ake samu a kasuwar Maraɗi, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. A lise kuma suka karanta Une si longue lettre na Mariama Bâ, ƴar Senegal, wanda ya fito a 1979. Malaminsu ya ce littafi ne kan kishiya. Ita ta ce mini littafi ne kan macen da mijinta ya mutu, tana cikin takaba, ta duba duniya duka ba ta ga wanda za ta amayar wa cikinta ba sai ƙawarta ta ƙuruciya. Ni da na karanta shi don jarrabawa, a ganina fahimtarta ta fi ta malamin.

Masoya ba su yi ƙaranci ba. Samarin ƙauye suna tsoronta, alhazai suna son ta zama ta uku. Wanda ta so da gaske wani ma'aikaci ne, mai natsuwa, wanda ya shekara biyu suna musayar saƙo da Faransanci mai daɗi. Lokacin ta gama karatun ungozoma a Damagaram, ta kama aiki. Ranar da magabatansa suka zo da goro, sai ga sharaɗi cikin Hausa tsantsa: ta ajiye aiki. Ashe iliminta yake so don hira, ba don fita ba. Ta ƙi. Tana da shekara 24, mata suka fara cewa ta yi kwantai, Inna ta daina zuwa bukukuwa saboda habaici.

A duk tsawon wannan lokaci mijin ƙawar ya hana su ziyara, wai ƴar lakwal za ta ɓata masa mata. Abin da bai iya hanawa ba shi ne biki. Wadda ta kawo miki jika biyu ranar sunanki, bashi ne, za ki mayar mata jika huɗu ranar nata, kuma ba namijin da zai tsaya ƙofa ya hana a biya wannan bashi ba tare da gari ya zage shi ba. Ƙawar ta haihu sau biyar, ƙanwata ta je sau biyar. Bashin ya taru gefe guda, don har yanzu ba a yi wani biki a gidanmu da za a rama ba. Tsakanin suna da suna kuwa, sai saƙon murya ta WhatsApp a wayar ƙanen ƙawar.

Da maganar ma'aikacin nan ta lalace, ƙawar ce ta yi tattaki har ɗakin Inna, da goyo a baya. Ina tsakar gida na ji ta ce: “Inna, gidana lafiya lau, ban zo ƙarar kowa ba. Amma ranar da na yi doguwar naƙuda, da ba a samu mace irinta a likita ba, da yanzu sadakar bakwai kika tuna mini da ita. Ki bar ta da aikinta.” Inna ba ta ce komai ba, amma mako na gaba ta fita biki.

Yau ƙanwata tana da shekara 27. Akwai wani malamin kolej da ke zuwa, ta ce ba ta ba shi amsa sai ƙawarta ta gan shi. Ɗiyar ƙawar ta fari, takwarar ƙanwata, ta kai aji shida. Uwar tana so ta wuce kolej ta zauna wurin takwararta, uban bai amsa ba tukuna. Ya ce a bari sai an ɗaure hatsi.