Tawa: inda ake buɗe cikin kat-kat kafin a shiga sahara

Duk mai nufin Agadas ko Bilma da tsohuwar Land Cruiser, a Tawa ya kamata ya saurari kukan motarsa. A garajojin bakin hanyar Arlit, ƙarƙashin rumfunan kwano, makanikai kan shimfiɗa kwali su kwanta ƙarƙashin mota tun da hantsi, idonsu a kan buwat ɗin taransfer, wadda ke raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun gaba da na baya.

Ba a sayen kaya sai an gane irinta. Ta tsofaffin motocin da suka riga 1980 ƙoƙo guda ce. Ta samfurin 60 kuwa ɓari biyu ce da aka haɗe da ƙusoshi. Ko ita ma iri biyu ce, domin a tsakiyar shekarun 1980 sandar da ke ɗauke da haƙoran tsakiya ta tashi daga milimita 34 zuwa 38. Ɗan kasuwar da ya yi odar rulma daga Kano ba tare da an auna ba, kuɗinsa ya zuba a rairayi.

Mugun ciwonta ba ya kuka da wuri. Idan robar da ke tsakaninta da buwat ɗin giya ta ci, mai yakan sulale ya koma can, ita kuma ta bushe. Sai an wanke haƙora da gazuwal, an sake roba da rulma, an zuba mai lamba 90, sannan maigidan gareji ya ce da yaronsa: "Kai ta kan tudun yashi, ka sa ƙaramin giya, mu ji."