Haƙoran Mai Ciwon Daji

Mu da muka saba raka 'yan'uwa asibiti, akwai abin da muke so mu jawo hankalin dattawan zango a kansa. Mutum ya kamu da ciwon daji a maƙogwaro ko harshe ko bayan hanci, a tura shi Korle Bu a Ankara, inda aka fara gashi da haske a 1997, ko Komfo Anokye a Kumasi. Sai likita ya ce tukuna, a fara ganin likitan haƙori. Nan da nan dangi su ɓata rai, wai ana ɓata musu lokaci. To, jama'a, ba haka ba ne.

Wannan haske, da ake yi kwana 5 a mako har mako 6 ko 7, ba ya ƙona ciwon kaɗai. Yakan taɓa maɓuɓɓugar miyau, baki ya bushe ƙayau, wani ma har ƙarshen ransa. Ashe miyau da muke rainawa shi ne mai gadin haƙori: shi ke wanke saura-sauran abinci, shi ke kashe tsamin da ke cin haƙori. In ya ƙafe, cikin 'yan watanni haƙora su fara ruɓewa daga gindi, wajen dasashi, har su karye.

Domin haka haƙorin da ya riga ya lalace sai a cire shi tun kamar mako 2 kafin gashi, wurin ya warke. Bayan gashi kuwa jini ba ya gudana sosai cikin ƙashin muƙamuƙi, musamman na ƙasa, cirewa na iya barin miki wanda ba ya warkewa, har ƙashin ya mutu. Allah ya kiyaye. Kada a yarda mai cire haƙori na kasuwa ya taɓa bakin irin wannan majiyyaci, ko bayan shekaru.

Sauran aikin na gida ne. Buroshi mai laushi safe da dare, da man goge baki mai fuloraid. Likita yakan rubuta mai ƙarfi, ninki 3 na wanda muke sayarwa a kanti, kuma ba a dainawa don an sallami mutum. Asawaki kaɗai ba ya isa. Taba kuwa a yi sallama da ita.

In mun je dubiya, kada mu riƙa alewa ko lemon kwalba, ko da shi ya roƙa saboda bushewar baki. Ruwa zalla zai riƙa kurɓa, ko cingam marar sukari. Kokon safe ma, uwargida ta rage masa sukari.